Ƙashin Bayan Nafeesa

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun ban karya ba, to ga shi, ku sarara min haka. Masu zagin Fu'ad kuma ku ɗan rage, mijin wata ne. Wadda yau ta fara shigowa ta nemi wuri ta zauna, ba za ta ɓata ba.

*

Tun daga bakin ƙofar gida Nafeesa ta jiyo warin man shanu.

Ta tsaya cak, ta ƙara damƙe hannun Miriam da ke tallafe da ita.

"Nafi, lafiya? Bayan ne ya motsa?"

"Ba bayan ba ne. Shinshina ki ji."

Miriam ta ja iska ta yamutsa fuska. "Kamar wani yana soya abu a falo."

"Ba suya ba ce," in ji Nafeesa. "Kawu Ɗangoggo ne ya iso."

Ai wannan wari ko a mafarki ta ji shi ta san shi. A cikinsa ta tashi a Rano, gidan kakanta na wajen uwa, gidan maɗora kaka da kakanni, inda ake kawo masu karaya a amalanke da bayan akori-kura. Da an ɗora man shanu a wuta yara suke watsewa, don sun san abin da zai biyo baya ihun wani ƙato ne.

Ashe baƙon da mijinta Fu'ad ya ce zai je tashar Jabi ya ɗauko ke nan. Lallai ma!

Jiya war haka Nafeesa ba ta san komai ba. Wata da watanni bayanta na ciwo, ƙafafunta na ƙara nauyi, har ta daina zuwa ofis a ma'aikatar tarayya inda take mataimakiyar darakta. Kullum Fu'ad sai ya miƙo mata ƙwayoyi ya ce likita ya ce sanyi ne, zai wuce. Sai jiya Miriam, ƙawarta tun makarantar kwana, nas kuma a asibitin da aka yi mata hoton baya, ta taso daga Mararaba dubiya. Tana ɗaga labule ta riƙe baki ta ce, "A'a! Ke ba ki tafi Indiya ba har yanzu?"

Shi ya sa yau, Fu'ad na fita da mota, ta sa Miriam ta tsayar musu da tasi suka tafi wajen Dakta Ebenezer. Bawan Allah da ya gan ta sai da ya cire tabarau, shi a zatonsa tana can har an gama aiki. Ya kafa hoton bayanta a jikin fitila ya nuna mata da bakin biro. Ga ƙasusuwan baya a jere, ɗaya kan ɗaya, ga guda a tsakiya ya lotse. Ƙwayar tarin fuka ce ta cinye shi, ashe ba huhu kaɗai take ci ba. Abin da ya rage nasa kuma ya danno laka, wadda ita ke kai saƙo ƙafafu.

"Ƙwaya kaɗai ba za ta ɗaga shi ba, Hajiya," ya ce. "Sai an buɗe an cire wannan ƙashin gaba ɗaya, a sa ƙarfe a gurbinsa, a ɗaure da kusoshi. Mu a nan ba mu da kayan aikin. Asibitin da na yi wa magana a Indiya tuni suka ce a kawo ki. Na gaya wa oga, mijinki, komai."

"Ni fa? Ni mai bayan?"

Ya sunkuyar da kai. "Roƙona ya yi. Ya ce a wajenku ba a gaya wa mara lafiya."

Abu biyu ya ja mata kunne a kansu kafin ta fito. Kada kowa ya danna mata wurin nan ko da wasa, don dannawa ɗaya za ta iya tsinke lakar, ita da tafiya kuma har abada. Sannan duk ranar da ƙafarta ta daina bambance zafi da sanyi, to lokaci ya ƙure, kada ta ƙara kwana a ƙasar nan in da hali.

To da wannan maganar a kunnenta ta cire takalmi a bakin falo ta yi sallama.

Kai jama'a! Falon nan da Fu'ad ya cika da kujerun fata daga Dubai, yau ka rantse zauren Rano ne. An ture kujerun jikin bango, an naɗe kafet, an shimfiɗa tabarma a kan tayil. Ga kurfoti a tsakiyar falo, garwashi ya yi jawur, man shanu na tafasa a wani tsohon kwano, na'urar sanyi kuma na ta hurawa abinta. Kawu Ɗangoggo na zaune ya naɗe hannun riga, yana fere karare da 'yar wuƙarsa.

Mahaifiyarta, Inna Saudatu, na kan darduma da carbi.

Fu'ad kuwa na tsugune can bakin ƙofar kicin, kansa a ƙasa. Haka yake zama duk inda surukarsa take, tun ranar da aka ɗaura aure.

"Inna, barka da rana. Kawu, an zo lafiya? Ya mutanen Rano? A yi min haƙuri, durƙuso ba zai yiwu ba."

"Lafiya ƙalau, 'yar nan," in ji Kawu, fuskarsa a sake. "Ai durƙuson na zo in dawo miki da shi."

Inna ba ta ɗago ba. "Yayarsu, daga ina da rana tsaka, mutum ba lafiya ba?"

Yayarsu. Bari in gaya wa waɗanda ba su sani ba. Nafeesa ce 'yar fari, Inna kuma irin matan da ne masu alkunya. Tun da ta haife ta, shekara arba'in ba kaɗan, ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ko a asibiti aka tambaye ta sunan 'yarta, sai ta waiga ta ce wani ya faɗa. Wata Nafeesar daban ma in ta gifta a unguwa sai ta ce mai sunan Yayarsu. Tana ƙarama abin har kuka yake sa ta a ɓoye, da ta girma ta saba.

"Daga wajen Dakta Ebenezer nake, Inna."

Carbin ya tsaya.

Fu'ad ya ɗago da sauri ya dubi Miriam. Miriam ta ɗauke kai ta shiga kallon labule.

"Kada ka harare ta, Abban Rukayya," in ji Nafeesa. "Ita ta ɗauka a gidan nan ana gaya wa mutum abin da ke jikinsa."

"Nafeesa, don Allah ki zauna tukuna..."

"Ba zan zauna ba. In na zauna tashi aiki ne, kuma ban shigo don in daɗe ba. Tun yaushe ka sani?"

Fu'ad ya mayar da kansa ƙasa.

"Da kai nake."

"Tun... tun ranar da aka yi hoton."

"Tun kafin ruwan farko ke nan. Yau ga shi masara har ta shigo kasuwar Utako. Kullum kana miƙo min ƙwaya kana cewa sanyi ne. Ina jan ƙafa zuwa banɗaki kana kallona kana cewa sanyi ne!"

"Wallahi ba don mugunta ba ne," in ji Fu'ad. "Da likita ya gaya min rasa inda zan sa kaina na yi. Na ce magana irin wannan babba ake fara kai wa. Na kira Hajiya, mahaifiyarki. Washegari sai ga ta da jaka. Ta ce ta haɗa ni da girman Allah kada in gaya miki, a bari Kawu ya dawo daga Nijar ya duba. To ya zan yi? Ni ko idonta ban taɓa kallo ba, ta ina zan fara musa mata?"

Nafeesa ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Kai ne fa kake shiga ofishin manya da kafaɗa ka fito da kwangilar titi. Rabin benayen da ke tashi a Jabi da simintinka a ciki. Amma a kan ƙafafun matarka ka zama kurma saboda kunyar suruka. Sannu, mai ladabi. Idan na gurgunce sai ka goya ni da kunyar."

"Ke!" Inna ta daka mata tsawa. "Mijin naki kike gaya wa haka a gabana? Ni na hana shi. In da faɗa ki yi da ni."

"Ai zuwa gare ki nake, Inna."

Tabɗi! Miriam sai da ta ja da baya. Ita kanta Nafeesa ta ji gabanta ya faɗi, don tun da take ba ta taɓa mayar wa Inna magana ba. Amma bakin ya riga ya buɗe.

Kawu Ɗangoggo ya ajiye wuƙa ya yi gyaran murya.

"'Yar nan, kwantar da hankalinki. Likitocin nan tsorata mutane suke yi. Na ji bayani wajen uwarki, an ce wani ƙullutu ya fito a tsakiyar bayan. Gocewa ce. Irinta nawa na gyara? Ki kwanta rubda ciki, in shafe wurin da mai ya yi laushi, mijinki ya riƙe kafaɗu, wannan baƙuwar ta riƙe ƙafafu, in ɗora dunduniya sau ɗaya. Za ki ji ƙas! Shi ke nan. Kafin in koma Rano da ƙafarki za ki raka ni tasha."

Nafeesa ta dubi dunduniyar tasa, faffaɗa, duk faso. Tana yarinya ta sha leƙowa ta ga wannan dunduniya a bayan manoma da 'yan dako, wasu kuwa sun tashi sun tafi da ƙafarsu, ba ƙarya ya yi ba.

"Ni dai ba zan riƙe ƙafan kowa ba, Baba," in ji Miriam. "Likita ya ce in an danna wurin, laka za ta tsinke."

"Wa ya sa da ke?" in ji Inna.

"Ni na sa da ita." Nafeesa ta ɗaga hannunta na dama. "Kawu, ka ga wannan hannun? Kai ka ɗora shi da na faɗo daga mangwaron bayan gida. Da shi na rubuta duk jarrabawar da na ci. Ban manta ba, kuma ban raina ka ba. Amma kai karaya kake ɗorawa da gocewa. Wannan bai karye ba, bai goce ba. Cinyewa ya yi. Yau na gan shi da idona, ya zama kamar azarar da gara ta ci. In ka taka irin wannan azarar, ƙas ɗin da za ka ji na rugujewa ne."

Kawu ya ɓata rai.

"Hoto! Mu da muke gani da yatsa tun ba a ƙirƙiro hoto ba? Ke ko kunya ba ki ji? Jikar Sarkin Ɗori guda, a ce an ɗauke ta a jirgi an kai ta wata ƙasa saboda ƙashi? Tun kakanmu ba a taɓa fitar da ƙashin ɗan gidanmu waje ba. Daga Damagaram ake zuwa ƙofata. In labari ya koma Rano cewa 'yar ƙanwata ma ta guje ni, gobe wa zai kawo min ko targaɗe?"

"Au, ashe sunan gida ake ceto, ba ni ba."

"Ke ɗin ai 'yar gidan ce!"

"To gidan ya yi haƙuri. Bayana ne. Ni nake kwana da shi, ni nake tashi da shi. Wallahi Kawu, dunduniyarka ba za ta hau shi ba."

Inna ta miƙe tsaye. 'Yar ƙaramar mace ce, amma in ta miƙe kowa a dangi zama yake yi.

"Yayarsu, saurare ni da kyau. Ni ba sunan gida ne a gabana ba. Na tambaya an gaya min. Cire ƙashin za su yi su yar. Kuma ƙasar nan da kike rawar kai a kanta, an ce ƙona gawa suke yi. To ƙashin naki fa? A wuta za su jefa shi. Cikakkiya na haife ki, da ƙashinki da jininki, ban rage komai ba. Ina raye ba za a ƙona wani yanki na jikinki ba. Ranar da za a tashe mu ki tashi da rami a baya?"

Nan ne fa idon Nafeesa ya kawo ruwa. Ta san ba ƙiyayya ba ce. Tsohuwar nan tsoro ne ya cika ta, kuma ba ta iya nuna so ba sai ta hanyar hani. Tausayinta ya kama ta, haushi kuma bai sake ta ba.

"Inna, Allahn da zai tattaro wanda kifi ya cinye a teku, ƙashi ɗaya ne zai ɓace masa a Indiya?"

"Kada ki kawo min wa'azi."

"To na bar wa'azi. In ƙashin ne damuwarki, zan ce su zuba min shi a kwalba. In riƙo shi a cinyata har Abuja. In kawo miki, ki sa a naɗe shi a ƙyalle, a kai Rano a binne kusa da Kaka. Kawu ma ya ja addu'a. Kin ga ƙashin gidanku bai kwana a waje ba."

Miriam ta toshe baki da gyale. Ko Fu'ad sai da kafaɗarsa ta motsa.

"Ba'a kike min?"

"Wallahi da gaske nake. Ku riƙe ƙashin, ku bar min ƙafafun."

"In kuma kika mutu a can fa?" Muryar Inna ta karye. "A hannun waɗanda ba su san kalmar shahada ba? Wa zai yi miki wanka? Wa zai juya ki gabas?"

"In kwanana ya ƙare, ko a kan tabarmar nan zan tafi. Amma ban yarda in kwanta da raina ina kallon silin, 'yata Rukayya na juya ni tana share min jiki, ita da ko sakandare ba ta gama ba. Jirgin Indiya kullum cike yake tashi da 'yan ƙasar nan, Inna. Wasu a keken guragu suke tafiya su dawo suna jan jakarsu."

"Wasu kuma a akwati."

"Na ji. Zan gwada."

Inna ta juya wajen ƙaninta... a'a, yayanta ne, Kawu ya girme ta nesa ba kusa ba, tsabar iko ne ke sa a manta. Ta ce, "Yaya, man nan ya yi. A kwantar da ita. Ciwo ne ke sa ta surutu, in ta warke ta ba mu haƙuri."

Kawu ya miƙe yana gyara ɗamara. Ya dubi Fu'ad.

"Alhaji, bismilla. Kama min kafaɗun."

Fu'ad ya tashi a hankali kamar wanda aka ɗora wa buhu.

Nafeesa ta zare hannunta daga na Miriam, ta dogara da sandar da ke ɗaya hannunta, ta ja da baya zuwa tsakiyar falo.

"Abban Rukayya."

Ya tsaya.

"Ka dube ni. Ni ba surukarka ba ce, ni kana iya kallon idona. Kai likita ya gaya wa abin da zai faru in an danna wurin nan. Da kunnenka ka ji, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To zo ka riƙe ni. Zo mana! Amma ka sani, hannun da ka danne ni da shi yau, da shi za ka riƙa ɗaga ni har ƙarshen rayuwata, kuma kullum ka ɗaga ni sai na tuna maka."

Gumi ya karyo masa duk da sanyin falon. Ya dubi matarsa, ya dubi tabarma, ya dubi dunduniyar Kawu. Sai ga ƙaton mutum ya zube gwiwa biyu a gaban Inna, kansa a ƙasa dai kamar kullum.

"Hajiya... a gafarce ni. Ba zan iya ba."

"Me ka ce?"

"A bar ta ta tafi. Na yi kuskure tun farko. In wani abu ya same ta a falon nan, ba zan yafe wa kaina ba."

Oho! Sai yau bakin ya buɗe, bayan ruwa ya kusa cinye mutum. Amma dai ya buɗe, masu zaginsa ku rubuta masa wannan.

Inna ta koma ta zauna daɓas. Ta dubi 'yarta, a karon farko ido cikin ido.

"In kika sa ƙafa kika fita a kan maganar nan, Yayarsu, ba da yawuna ba."

Man shanu na ta ƙara a wuta.

Wannan kalma ita Nafeesa ke gudu tun tana 'yar mitsitsiya. Hawayen da take riƙewa suka zubo, ba ta share ba.

"Inna, da na samu gurbin ƙaro karatu a Ingila kika ce a'a, na yaga takardar ban ce uffan ba. Kika ce kada in tuƙa mota, har yau direba ke ja na. Ko sunan 'yata ke kika zaɓa. Ban taɓa tsallake maganarki ba, kuma ban yi nadama ba. Yau ɗaya tak zan tsallake. Ki yi fushi da ni ina tsaye, ya fi min ki sa min albarka ina kwance. In na dawo zan zo har Rano in durƙusa da gwiwoyin nan, ki yi min duk hukuncin da kika ga dama."

Ta juya wajen mijinta.

"Tashi ka ɗauko min fasfo ɗina. Dakta ya ce in muka kai yau, zai sa baki a ba mu bizar marasa lafiya da gaggawa. Miriam za ta raka ni, ta riga ta nemi hutu."

Fu'ad bai motsa ba.

"Ba ka ji ba ne? Yana cikin durowar gefen gado."

"Ba ya nan."

"Kamar ya ba ya nan?"

Ya saci kallon Inna. Inna ta ci gaba da jan carbi.

"Inna, ina fasfo ɗina?"

"Na bayar."

"Kin bai wa wa?"

"Masu kamfanin kai mutane Umara na Utako. Na ce in Yaya ya gama ɗori, sai mu tafi ni da ke mu yi azumi a can, ki sha zamzam, ki riƙe Ka'aba ki roƙi sauƙi. Laifi ne don uwa ta nema wa 'yarta wannan?"

"Wayyo Yesu!" in ji Miriam, ta ɗora hannu a ka.

"Sai a je a karɓo," in ji Nafeesa. "Yanzu. Utako ai ba nisa."

Fu'ad ya girgiza kai. "Na kira mutumin da safe. Ya ce an haɗa da na sauran matafiya an tafi da su neman biza. Ya ce cunkoson Umarar azumi ne, ko na uwarsa ne a ciki ba zai iya zaro shi ba sai an gama."

"Sai yaushe?"

"Bai sani ba."

Nafeesa ta dube shi, ta dubi Inna. Ta buga sandarta a tayil, ta ƙara ja da baya don ta gan su duka a gabanta, su ukun.

"Madalla! Kun yi ƙoƙari. Ɗaya ya ɓoye min ciwona saboda kunya. Ɗaya ya taso tun daga Rano zai taka ni saboda sunan gida. Ɗaya ta kwashe min fasfo saboda so. Kowa ya yanke hukunci a kan bayan nan, ni kaɗai ce ba a tambaya ba. To ku ji da kyau. Ko da rarrafe ne sai na je Utako. In mutumin ya ce ba ya nan, a bakin ofishinsa zan kwanta, duk mai wucewa ya tambaya in ba shi labari. In fasfon yana Kano zan bi shi Kano. In ya ɓata zan je a yi min sabo, ai ba yau na fara aikin gwamnati ba, na san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa."

Kawu Ɗangoggo ya ɗaga hanci yana shinshina. Ya waiga wajen kwanon mai.

"Ni Nafeesa ba zan gurgunce don a ce ina da ladabi ba! Da ƙafata na shigo garin nan, da ita na hau benen ma'aikata shekara da shekaru, kuma da ita zan..."

"Nafi..." in ji Miriam, a hankali, idonta a ƙasa.

"Bar ni in gama, Miriam! Da ita zan sauko daga jirgi, in Allah ya yarda, kowa yana kallo. Wanda ya ga dama ya zo tarba, wanda bai ga dama ba..."

"NAFEESA!"

Maganar ta maƙale mata a baki.

Ba Fu'ad ba ne. Ba Kawu ba ne.

Inna ce. Inna ce tsaye, carbi ya tsinke a hannunta, 'ya'yansa na ta gangarawa a tayil.

"Nafeesa! Nafeesatu! 'Yata, ƙafarki!"

Shekara arba'in ba kaɗan tana jiran ta ji yadda sunan nan zai fito daga wannan bakin. Ashe haka yake. Daɗi ya fara ratsa ta, sai tsoro ya biyo shi a guje, don ta san ba ƙaramin abu ne zai sa Inna ta yar da alkunyarta a gaban suruki ba.

Sai a lokacin ta ji wani wari ya danne na man shanu.

Ta sunkuyar da kai a hankali.

Ƙafarta ta hagu na manne da jikin kurfoti. Bakin zaninta na hayaƙi. Fatar idon sawun ta saluɓe, ta yi fari, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Ita kuwa ko ɗumi ba ta ji ba.